Darasi: Gumin Hammata, Warinsa da Maganinsa

A watan Afrilu, in bazara ta yi ƙarfi, zafi a ƙasar Kano yakan kai digiri 40, wani lokaci ma ya wuce. Duk wanda ya taso daga Leni ko Kokiya ko Alajawa da rana tsaka ya nufi kasuwar Faruruwa, kafin ya isa rigarsa ta manne da bayansa. Ba mai kallonsa sau biyu, domin kowa haka yake. Amma akwai wani mutum daban. Shi ko a tsakiyar hunturu, ana hura wuta ana jin ɗumi, hammatarsa zuba take yi. Yakan sauya riga sau biyu ko uku a wuni. A sahun salla yana matse hannuwansa da jiki. In mace ce, takan wuni a gidan biki ba ta cire mayafi ba, ta dawo gida da ciwon kai don takura. Kusan kowace unguwa akwai irinsa, amma da wuya ka ji ya faɗa. Saboda shi aka rubuta wannan darasi, da kuma waɗanda suke zaune da shi.

Randa da jarka

Kowa ya san randar ƙasa. Ka cika ta da safe ka ajiye a inuwa, in rana ta take ka ɗebo ruwan ka ji shi da sanyi. Taɓa bayanta, za ka ji danshi. Ruwa ne yake tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska tana busar da shi, yana tafiya da zafin da ke ciki. Jarkar roba ba ta tsattsafo, shi ya sa ruwanta yake zama kamar na wanka.

Jikin ɗan Adam irin randa ne. Zafin cikinsa yana tsayawa wajen digiri 37, in ya haura da yawa kuwa ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda suna shiga haɗari. A cikin fatarmu akwai 'yan mitsi-mitsin maɓuɓɓugai, tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4, kowace da siririn bututunta da yake fitowa saman fata. In jiki ya ɗauki zafi, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ta jijiyoyi, maɓuɓɓugan su saki ruwa mai ɗan gishiri. Manomin da yake huɗa ko noman farko a rana yana iya zubar da gumin da ya wuce lita guda a cikin awa ɗaya. Wannan gumi lafiya ne, kuma ba shi muke neman tsayarwa ba.

A nan sai in ja kunne tun ba mu yi nisa ba. Na sha jin masu yawan gumi suna cewa sun rage shan ruwa don gumin ya ragu. Gumin hammata ba zai ragu don haka ba. Abin da zai biyo baya shi ne jiri, ciwon kai, fitsari ja kamar shayi, da wahalar da ƙoda. Mai yawan gumi ya fi kowa bukatar ruwa.

Ina warin yake fitowa?

Gumi da kansa ba shi da wari. A hammata da matsematsi akwai wasu maɓuɓɓugan na daban, waɗanda suke kwance ba sa aiki sai mutum ya balaga. Abin da suke fitarwa ya fi kauri, yana da maiƙo. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, suna zaune a fatar kowa, mai tsafta da marar tsafta. Su ne suke cin wannan maiƙo, abin da suka bari kuma shi ne tsamin da hanci yake ji. Shi ya sa yaro ɗan shekara shida zai wuni yana guje-guje a rana ya dawo ba ya warin hammata, amma yayansa ɗan sha biyar yana wucewa za ka san ya wuce.

Gashi yana riƙe danshi, yana ba ƙwayoyin nan wurin zama. Addini ya riga likitoci a nan: a ruwayar Anas ɗan Malik da take cikin Sahihu Muslim an sanya iyakar kwana 40, kada a wuce ba a cire gashin hammata da na mara ba. Cire gashi, wanke wurin da sabulu sau biyu a rana, da busar da shi sosai kafin a sa riga, suna kawar da mafi yawan wari ba tare da an kashe ko kwabo a kemis ba. Sai dai ƙarfin warin yana da nasaba da gado. Yawancin mutanen Koriya da da yawa daga na Sin da Japan sun gaji wata halitta da take sa hammatarsu ba ta cika wari ba, mu kuwa mutanen Afirka da Turawa mafi yawanmu ba mu gaje ta ba. Wanda warinsa ya fi na ɗan'uwansa ƙarfi ba lallai ne ya fi shi ƙazanta ba.

Gumin da ya wuce kima

Likitoci sun raba yawan gumi gida biyu. Na farko shi ne wanda ba wata cuta a ƙarƙashinsa. Maɓuɓɓugan lafiyarsu ƙalau, jijiyoyin da suke ba su umarni ne suka cika gaggawa, suna cewa a saki ruwa alhali jiki bai yi zafi ba. Ana gane shi da cewa ya daɗe, aƙalla wata shida. Yakan fara tun mutum bai kai shekara 25 ba, galibi wajen balaga. Yana zuwa a hammata biyu daidai wa daida, wani lokaci har da tafin hannu da tafin ƙafa. Sau da yawa akan tarar uba ko inna ko kawu ma haka suke. Babbar alamarsa kuma ita ce in mutum ya yi barci sai gumin ya tsaya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2016 ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 a can suna fama da yawan gumi. Fargaba da kunya suna tayar da shi, haka ma yaji, shayi mai zafi, kofi da goro.

Ba ya kisa, amma yana cin rai. Na ga saurayi mai kaifin kai da ba ya ɗaga hannu a aji don kada a ga tabon rigarsa. Iyaye, in kun ga 'yarku da ta fara girma tana haka, kada ku ce mata ƙazama a gaban ƙannenta. Wankan da take yi ya fi naku yawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba kuma aikin iska ba ne ko sammu, don haka kuɗin da za a kai wajen karya sihiri gara a kai su kemis ko asibiti.

Gida na biyu shi ne gumin da yake ɗan aike, wato wata cuta ce ta turo shi. Wannan yakan fara wa mutum da girmansa, yakan game jiki duka, kuma bai san barci ba. A ɗauka wani dattijo ne ya je ƙaramin asibitin garinsu, ma'aikaciyar lafiya ta tambaye shi:

"Baba, yaushe gumin ya fara?"

"'Yar nan, tun bayan girbi. Sai in farka tsakar dare in tarar shimfiɗata sharkaf, ga shi kuwa ana sanyi."

"Kana tari, Baba?"

"Ya fi wata guda. Wandona ma ya fara yi mini yawa."

Wannan ma'aikaciya ba abin shafawa za ta ba shi ba. 'Yar roba za ta miƙa masa ya kawo kaki a gwada. Gumin dare tare da tarin da ya kai mako biyu, da rama, da zazzaɓin yamma, alamun tarin fuka ne, wato tibi. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe, ana shan maganin wata shida a warke, kuma jinkiri yana sa 'yan gida su ɗauka.

Akwai sauran masu turo gumi. Zazzaɓin cizon sauro yana zuwa da shi lokacin da zafin yake sauka. Mai ciwon sukari da yake kan magani, in gumi ya karyo masa tare da rawar jiki da yunwa, ta yiwu sukarinsa ne ya faɗi, a ba shi abu mai zaƙi nan take. Akwai wata halitta a gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. In aikinta ya yi yawa mutum yakan yi ta gumi, gabansa yana faɗuwa, yana ci yana ramewa. Mata kuma wajen ɗaukewar al'ada sukan ji zafi ya taso musu daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya biyo. Cutar ƙanjamau da wasu nau'o'in sankara suna kawo gumin dare. Wasu magunguna ma suna sa shi, cikinsu har da tiramadol da wasu matasa suke sha wai don ƙarfin noma. Gumi mai sanyi tare da ciwon ƙirji kuwa ba a kwana da shi, a nemi mota.

A gaban mai kemis

Ga inda karatun da kuke koyo zai biya ku. Robobin da ake shafawa a hammata iri biyu ne, kamanninsu ɗaya, aikinsu daban. Akwai wanda aka rubuta wa Deodorant, kalma mai harafi tara, tana farawa da D. Shi wari yake kashewa, yana rage ƙwayoyin nan yana kuma sa ƙamshi, amma gumi yana nan yadda yake. Akwai wanda aka rubuta wa Antiperspirant, doguwar kalma mai harafi goma sha huɗu, tana farawa da A. Shi ne mai tsayar da gumi. Kamfani ɗaya, kamar Nivea ko Rexona ko Dove, yana yin kowane iri, saboda haka sunan kamfani bai isa ba. A juya bayan robar a nemi kalmar Aluminium a jerin abubuwan da aka haɗa. In babu ita, ba mai tsayar da gumi ba ne, komai tsadarsa. Turaren fesawa da samari suke so, da humra da almiski, duk ƙamshi ne kawai. In suka haɗu da tsohon gumi, abin da yake tashi ya fi na da muni.

Abin ba sabo ba ne. An fara sayar da mai kashe wari a Amurka a 1888 da sunan Mum, mai tsayar da gumi kuma a 1903 da sunan Everdry. Na farkon suna cin fata suna cin riga, sai a hankali aka tausasa su. Ƙwallon da yake juyawa a bakin robar, wanda ya sa muke cewa rolon, daga bakin biro aka kwaikwayo shi, ya shiga kasuwa a shekarun 1950.

Yadda yake aiki shi ne gishirin alminiyam yana shiga bakin bututun gumi, ya haɗu da ɗan danshin da ke wurin, ya daskare ya zama toshiya. Toshiyar ba ta dindindin ba ce, fata tana sabuntawa ta tafi da ita, sai a sake. To, a nan ne mafi yawan mutane suke asarar kuɗinsu. Sai su fito daga wanka da safe, jiki da ruwa, su shafa su fita rana, gumi ya wanke shi kafin ya kama, su ce jabu ne. Wa yake yaɓen soro ana ruwan sama? Tun da rani ake yi, ƙasa ta bushe ta kama kafin damina ta sauka. Ranin hammata shi ne dare, lokacin da maɓuɓɓugan suke hutawa.

Don haka da daddare ake shafawa, dab da kwanciya. A wanke hammata, a goge ta, a ɗaga hannu a yi fifita har sai ta bushe ƙarau. A lokacin bazara gara a bari sai dare ya yi sanyi, an fito tsakar gida. A shafa kaɗan, sau biyu ko uku a kowane gefe, a bari ya sha iska kafin a sa riga. Da safe a yi wanka kamar kullum. Ruwa ba zai cire toshiyar ba, tana can cikin bututu. Kada a shafa a ranar da aka yi aski, ko a kan ƙurji ko yanka, a ba shi kwana ɗaya ko biyu. Kada kuma a yanke hukunci sai an yi mako biyu ana yi kowane dare.

In na kasuwa bai wadatar ba, akwai mai ƙarfi, wanda yake da sinadarin Aluminium chloride har kashi 20 cikin 100. Ɗaya daga cikin sunayensa Driclor. Shi sai a tambaya a manyan kantunan magani na birnin Kano. Ana shafa shi kowane dare har gumin ya lafa, daga nan sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, don haka 'yar kwalba ɗaya tana daɗewa. Lallai ne a wanke shi da safe. Yana da cizo: in fata da danshi aka shafa, ƙaiƙayi da raɗaɗi za su hana barci. In wurin ya yi ja, a huta kwana biyu, in bai lafa ba a nuna wa ma'aikacin lafiya. Komai za a saya, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda ya wuni a kan tire yana shan rana, aka kankare kwanan watansa, ko da rabin kuɗi ne a bar shi. Araha ba ta ado. Mai niyyar aikin Hajji ko Umara kuma ya nemi marar ƙamshi saboda harami.

Abubuwan gida fa? Alimun, wanda wasu suke kira alif, wannan farin dutse da ake sa wa ruwa ya kwanta, shi ma gishirin alminiyam ne. In aka jiƙa shi aka goga a hammata mai tsabta yana rage wari sosai, ga arha, ga daɗewa, kuma ina ganin ga mai matsalar wari kaɗai ya isa. Amma ƙarfinsa bai kai ya tsayar da gumi mai zuba ba. Lemon tsami yana rage wari na ɗan lokaci, sai dai yana cin fata, musamman bayan aski, kuma fatar da ya taɓa in ta sha rana takan ƙone ta yi baƙi. Kanwa da ruwan toka ba su da wuri a hammata ko kaɗan, ƙuna suke yi. Man bilicin da wasu suke shafawa don hammata ta yi haske yana sirantar da fata, daga baya komai aka shafa sai ya yi zafi. Hoda tana shanye danshi na awa ɗaya ko biyu, ba laifi, amma in ta cakuɗe da gumi a wanke ta.

Tufafi ma suna da nasu rabo. Yadin roba jarka ne, auduga randa ce. Singiletin auduga mai ɗan hannu a ƙarƙashin riga yana tare gumi kafin ya fito fili, kuma hijabi mara nauyi ya fi mai kauri. A wanke hammatar riga da kyau a shanya ta a rana, domin tsohon wari yana zama a zare ya tashi da zarar jiki ya yi ɗumi.

In duk wannan bai yi ba

Hanya ita ce a fara daga asibitin kusa, su tura mutum babban asibiti kamar na Gwarzo ko na Bichi, in da bukata a wuce wajen likitan fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likita zai fara tabbatar da cewa ba wata cuta a ƙasa. Wani lokaci yakan shafa aidin a hammata ya barbaɗa garin sitaci, irin wanda ake sa wa kaya. Duk inda gumi yake fita sai ya rine ya yi baƙi-baƙi, a ga iyakar wurin.

Akwai ƙwayoyi na sha, kamar Oxybutynin, masu rage saƙon da jijiyoyi suke aikawa. Suna aiki, amma ku saurara da kyau, domin wannan ya shafe mu fiye da mutumin da yake zaune a ofis mai sanyi. Ƙwaya ba ta san hammata ba, gumin jiki duka take ragewa. Manomin da ya sha ta ya shiga gona a zafin Mayu ya mai da kansa jarka, zafi zai taru a cikinsa har ya iya yanke jiki ya faɗi. Tana kuma busar da baki, ta ɗaure ciki, ta sa gani ya yi dishi-dishi, ga dattijo kuma tana iya riƙe fitsari. Ba abin da za a saya a kemis don an ji sunansa ba ne. In likita ya rubuta, a gaya masa sana'ar da ake yi, a kuma tambaye shi batun azumi.

Sama da wannan akwai allurar Botox, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don gumin hammata a 2004. Ana tsira ta wurare da yawa a cikin fatar hammata, gumin ya tsaya na wata huɗu zuwa shida ko fiye, sannan a sake. Tana da tsada ƙwarai, kuma aikin ƙwararren likita ne. A ƙasashen waje akwai na'urar da take ƙona maɓuɓɓugan da zafi su mutu gaba ɗaya, an fara amfani da ita a Amurka a 2011. Akwai kuma tiyatar datse jijiya a cikin ƙirji, wadda likitoci suke bari sai ƙarshe, saboda da yawa daga waɗanda aka yi wa sukan koma zubar da gumi a baya da ciki da cinya, kuma ba a iya mayar da abin da aka datse. Na kawo waɗannan don ku san da su. Mafi yawan masu wannan lalura ba sa bukatar zuwa can, shafawar dare tana isar su.

Tambaya biyu ba sa rasa tasowa a aji. Ta farko: in an toshe gumi, dafi ba zai taru a jiki ba? Ba zai taru ba. Ƙoda da hanta su ne masu tace jini, kuma hammata ɗan ƙaramin yanki ce, sauran fata tana ci gaba da sanyaya jiki. Ta biyu daga mata take zuwa, saboda saƙonnin da suke yawo a waya: ba ya kawo sankarar mama? Binciken da aka yi bai tabbatar da haka ba. Wanda aka ce ya yi hattara shi ne mai ciwon ƙoda mai tsanani, ya tambayi likitansa kafin ya fara. Amma duk macen da ta ji ƙullutu a mama, ko kaluluwa a hammata da ta yi makonni ba ta baje ba, ta je a duba ta, ko tana shafa rolon ko ba ta taɓa shafawa ba.

Aikin aji

A zama na gaba kowa ya zo da robar abin shafawa a hammata, tasa ko ta aro, ko da wadda ta ƙare ce. Za mu nemi kalmar da take farawa da D ko wadda take farawa da A, mu nemi Aluminium a baya, mu karanta lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kowa ya kwafe su a littafinsa. Bayan haka kowa ya rubuta jimla uku: ɗaya a kan lokacin da ya dace a shafa mai tsayar da gumi da dalilinsa, ɗaya a kan abin da ya haɗa randa da jikin mutum, ɗaya kuma a kan alamun da in ya gan su tare da gumin dare a jikin wani na gidansu zai raka shi asibiti.